Giyar da Ba a Sha

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan fili. Ina gajiya, ina iyali, yaya haƙuri da mu masu kawo miki kaya iri-iri? Allah ya saka da alheri. Don Allah a ɓoye sunana, su ma sunayen da zan ambata na sauya su. Wanda zai zage ni kuma ina roƙonsa ya bari sai ya kai ƙarshe, don ni kaina har yau ban gama sanin ko zagi na cancanta ba ko jinjina.

Kekensa na fara gani kafin fuskarsa. Wata safiyar Lahadi na fito zubar da shara a ƙofar gidanmu a Gwarzo, sai wani abu ya wuce ta gabana shiru, wayoyin tayarsa suna walƙiya. Keke ne, amma ba irin na Babanmu ba da ake ɗora wa buhun gero. Tayarsa siririya ce, ba ta wuce kaurin yatsa biyu ba, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, mai shi ya sunkuya a kai ya cusa bakin wandonsa cikin safa. Ya wuce, ya juyo, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa ya ce, "'Yammata, nan ne gidan su Malam Nasiru?" Shekarata goma sha takwas a lokacin, na gama sakandare ina zaune a gida, kuma babu littafin soyayyar da ake bayarwa haya a kasuwarmu da ban karanta ba. A cikinsu duk haka ake farawa, baƙo ya tsaya ya yi tambaya. To me zai hana in ɗauka nawa littafin ne aka buɗe?

Malam Habibu ke nan, malamin firamare a Kabo, da yamma kuma yana koyarwa a wata Islamiyya. Abokin yayana Nasiru ne, wanda shi ma malami ne. Shekarun nan ne na matsin rayuwa, mai ya yi wuya, albashi sai an gan shi, malamai da yawa suka jingine babura suka koma keke. Wasu dole ce ta sa su, amma su Yaya su biyar sai abin ya zame musu sha'awa. Kowa ya nemo keken tsere na gwanjo, duk Lahadi su haɗu a zaurenmu su gyara, sannan su ɗau hanyar Kabo ko ta Getso su dawo kafin rana ta take. Gari ya sa musu suna 'yan tsere. Ni ce auta a gidan, ni ce mai kai musu kunu, daga nan na zama mai wanke sarƙa. Yaya zai ciro ta ya miƙo min cikin gida, in jiƙa ta a kananzir, in bi ta da tsohon buroshin haƙori gaɓa-gaɓa, in shanya, sannan a ɗiga mata mai. Na koyi yin faci, na san ƙarar boris in ya bushe, na san birki in ya cinye. Kada ku ɗauka keke nake so. Duk abin da zai kai ni bakin ƙofar zauren nan shi nake koya.

Shi Malam Habibu mutum ne mai iya magana, ga shi shi ne gwaninsu, duk wanda zai sayi keke sai ya nemi shawararsa. Ina laɓe bayan ƙyaure na ji yana cewa, "Nasiru, in za ka sayi keke kada ka kalli fenti. Ɗaga shi ka juya tayar ka ga ko tana rawa. Shafa mahaɗin ƙarfen ka ji ko an taɓa yi masa walda. Sannan ka kasa kunne, keken kirki ba ya surutu." Ni baƙa ce, ba na kwalliya, ba ni da yawan magana. Ku gaya mini, yarinyar da littattafai suka cika wa kai in ta ji "kada ka kalli fenti", wa za ta ɗauka ake nufi? Wata rana na miƙa masa sarƙarsa, ya ɗaga ta yana dubawa ya ce, "Kai Nasiru, Auta ta fi ka sanin sarƙa. Ko ƙwayar yashi babu."

Yaya ya ce, "Ai sai ka ɗauke ta aiki."

Ya ce, "Wa ya isa? Irin wannan ai sai dai mutum ya ajiye a gidansa."

Sati guda na yi ina juya maganar nan. Daga ƙarshe na yi abin da jarumar littafi take yi, na rubuta masa takarda shafi biyu, na fesa mata turaren Inna, na cusa a 'yar jakar sifanun da ke ƙarƙashin sirdin kekensa. Ba zan maimaita duk abin da ke ciki ba, kunya ba za ta bar ni ba. Amma layi ɗaya dole in faɗa, don shi ne mafarin komai. Na ce masa, "Kai ne sarƙa, ni ce taya, in ka tsinke ba ni da sauran tafiya." Lokacin da na rubuta shi har hawaye na yi don daɗinsa.

Da a ce ya kira ni gefe ya ce Auta, ke ƙanwata ce, ki bar wannan, wallahi da na yi kukana na share. Da ya yaga ya yi shiru ma da na gode masa. Sai ya kai takardar gindin bishiyar da suke hutawa a Kabo ya karanta wa sauran, Yayana yana zaune. Lahadin da ta biyo baya na ɗauko kunu, ina gab da ƙofar zaure na ji muryarsa yana cewa, "Nasiru, ina Taya? Ban ji motsinta ba yau. Ko ta sace ne? Ga famfo nan a ba ta iska." Aka kwashe da dariya. Na ji Yaya yana cewa, "Ya isa haka Habibu," amma shi ma da dariya a muryarsa. Na koma da kunun na zauna a bayan rumbu. A ranar Yaya ya tattara littattafaina ya mayar wa mai haya, ya ce in ya ƙara ganin ɗaya a gidan sai ya karya ni.

Anti, kin san garinmu, magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Kafin wata guda babu mai kirana da sunan da Babana ya yanka min rago. In na je ɗebo ruwa, "Taya, ina sarƙarki?" In na je biki, 'yammata su haɗa kai su yi ta yin tsiii kamar iska na fita. Akwai wani saurayi mai sayar da yadi da ya fara zuwa wurina, sau biyu ya zo, abokansa suka ce masa ya tanadi faci, ban ƙara ganinsa ba. Shi kuwa wanda ya jawo, duk Lahadi yana zaurenmu yana shan kunun da Inna ta koma kai musu da kanta. Ko sau ɗaya bai ce yi haƙuri ba. Sai ma labari da ya zo cewa an sa masa rana da wata Rabi, 'yar wani mai unguwa a wajen Durun. Na yi addu'a, na yi azumi, na ce Allah ka cire min. Soyayyar ta fita, amma abin da ya zauna a gurbinta ya fi ta ƙarfi.

Ana cikin haka Shari'a ta shigo jiharmu. Wanda ya ga lokacin ya san yadda gari ya ɗau zafi, ko'ina wa'azi, kowa yana duban na kusa da shi, maganar bulalar mashayi har a bakin mata wurin daka. Wata Asabar da hantsi Yaya ya tafi ta'aziyya Getso, ina share zaure sai na ga ambulan maƙale a birkin kekensa. Ashe direban motar Kabo ne ya bai wa mai shagon ƙofar gidanmu, shi kuma ya shigo ya maƙala ya fita. Lokacin babu wayar hannu a wajenmu. Ina ganin rubutun na gane shi. Na ce tunda ya karanta tawa a bainar jama'a, ni ma bari in karanta tasa. Wallahi iyakar niyyata ke nan a farko. Ga abin da ke ciki, har yau na haddace:

"Abokina, na shiga Sabon Gari jiya na samo giyar nan da muka daɗe muna nema. Ta Turawa ce, ba irin ta nan ba. Kada ka gaya wa sauran tukuna, sai mun gwada ta mu biyu a hanyar Getso inda babu jama'a. Wanda ya sayar min ya ce tana sa mutum ya ji kamar zai tashi sama. Naka, Habibu."

A ƙasan sa hannun ya ƙara da cewa, "Af, na manta. Ka taho da sabuwar sarƙa da ƙaramin sifana, tsohuwar sarƙar ba za ta hau haƙoranta ba."

Ga wanda bai san keke ba, giya ita ce jerin faifan haƙoran nan na tayar baya, da ƙarfen da ke sauya wa sarƙa wuri don a hau tudu ba wahala. A baki, muryarta ta ɗan bambanta da ta wadda ake sha. A takarda kuwa harafi huɗu ne, babu abin da ya raba su. Ni na san wadda yake nufi tun layin farko, ni da nake wanke ta da buroshi. Amma na tsaya da tsintsiya a hannu na sake karantawa da idon wanda bai sani ba, sai na ji wani sanyi ya ratsa ni, irin wanda na shekara ban ji ba. Na ninke takardar daidai ƙasan sunansa, na bi layin da yawu, na yage layukan ƙarshe a hankali. Guntun da ambulan ɗin na cusa su a murhu ƙarƙashin tukunyar wake. Na nemo wani ambulan na rubuta "Zuwa ga Mai Unguwa" da hannun hagu. Ranar kasuwa na je wurin gwaggon Rabi, mai kawo daddawa daga ƙauyensu, na yi kamar ina zaɓe, na tura shi ƙarƙashin faifan da ta rufe ƙwaryarta. Har daddawar na saya, Inna ta yaba ta.

Bayan kwana shida aka kira Malam Habibu gaban dattawa a ƙofar gidan mai unguwar, shi kuma ya aiko wa Yaya ya je ya yi masa shaida. Da la'asar Yaya ya dawo ya zube a tabarma gaban Inna, ni ina gefe ina tankaɗe.

Ya ce, "Inna, har keken na tura gabansu. Na juya feda, na sauya musu ita suna gani, na ce Baba, ga giyar nan. Wani tsoho ya leƙa ya ce, 'To mu a nan ƙarfe muke ce wa wannan. Shi ne ake ɓoye wa abokai? Shi ne sai an je inda babu jama'a? Shi ke sa mutum ya tashi sama?' Na ce Baba, gudu ake nufi. Sai wani daga baya ya ce, 'Kai ne na biyun ke nan.'"

Inna ta ce, "Liman fa, bai ce komai ba?"

"Ya ce babu shaidu, bai amsa ba, ba a ji masa wari ba, don haka babu haddi, kuma duk wanda ya kira shi mashayi ya ɗau zunubi. Sai mai unguwa ya ce, 'Malam, na ji, kuma ban ce ya sha ba. Amma ni 'ya zan aurar. Ba zan riƙa bin mutane gida-gida ina yi musu bayanin ƙarfen keke ba.'"

Aka mayar masa da kayansa. Sati na zagayowa iyaye suka fara janye yaransu daga ajinsa na Islamiyya, masu makarantar suka ce ya ɗan huta har ƙura ta lafa. Hutun da bai ƙare ba ke nan. Kafin a ce haka sunansa ya koma Mai Giya daga Kabo har Gwarzo. Anti, kina so in ce na yi kuka? Ranar da na fara jin an kira shi da sunan, lalle na ƙunsa hannu da ƙafa. Inna ta ce bikin wa ake yi, na ce sha'awa ce kawai.

Ya zo zaurenmu zuwan ƙarshe, ni ina inda na saba laɓewa.

Ya ce, "Nasiru, ina ragowar takardar? Layi biyu ne. Ka ba ni su in kai musu."

"Wallahi ban ga takarda ba, Habibu."

"Mai shago ya rantse a birkin kekenka ya maƙala ta."

"To ni zan kai kaina? Ba ka ji abin da aka ce min a wurin ba?"

"Shi ya sa ka je shaida, don kada a zarge ka. Duk saboda ɗan wasan da na yi da ƙanwarka? Wasa fa, Nasiru."

In akwai sauran tausayi a zuciyata, kalmar nan ce ta kashe shi. Shekara guda ba na iya ɗaga kai a layinmu, shi a wurinsa ɗan wasa ne. Abin da ya fi ci min rai kuma, ko a mafarki bai kawo ni ba. Ya zargi amininsa, ya zargi mai shago, ya zargi direba, amma bai taɓa tunanin Taya tana da kan da za ta yi wannan ba. Yaya ne ma ya taɓa tambayata sau ɗaya, "Auta, ba ki ga wata takarda a zaure ba?" Na ce, "Wace iri, Yaya?" Bai ƙara ba. Daga ranar 'yan tsere suka watse, Yaya ya rataye kekensa a ɗakin hatsi, shi da Malam Habibu ko a jana'iza suka haɗu sai kowa ya kau da kai.

Yau shekaru sun ja. Ina aure a Unguwar Tudu, 'ya'yana huɗu, mijina mutumin kirki ne, bai san komai ba sai sunan, don har yanzu ƙanwarsa in tana son ta ɓata min rai takan ce, "Anti Taya, an tashi lafiya?" Da na bar maganar nan ta bi ni kabari. Abin da ya tayar da ita shi ne bana Allah ya kira Yaya aikin Hajji, yana ta zagaya dangi da abokai yana neman gafara. Ya je Kabo wurin Malam Habibu. Da ya dawo ya biyo ta gidana, na kawo masa fura ya kasa sha.

Ya ce, "Auta, na miƙa masa hannu ya bar ni da shi a miƙe. Ya ce, 'Ka ce ka yi, in yafe maka yanzun nan. Amma ba zan yafe abin da ka ce ba ka aikata ba.'"

Na ce, "To ka ƙyale shi mana, Yaya. Ai ka fita haƙƙinsa."

"Ba zan iya tsayawa gaban Ɗakin Allah da wannan a raina ba. Na yanke shawara, kafin mu tashi zan koma in ce masa ni ne. Ƙarya ce, amma in ita za ta sa ya huce, Allah ya ga zuciyata."

 Sai na tambayi abin da bai kamata in tambaya ba, na ce, "Bai ambace ni ba?"

Yaya ya ɗan yi murmushi ya ce, "Da zan tafi ya ce in gaida Taya."

Kun ji. Furfura a gemunsa, amma har yau bai san ina da suna ba. To ni ce zan je in durƙusa a gabansa? Ya taɓa durƙusa min? Na san abin da malamai za su ce, ƙazafi ne, kuma na raba aure, na raba aminai. Ban musa ba. Amma wa ya fara? Shi ya ɗauki kalmata ya mayar min da ita suna, ni ma na ɗauki tasa na mayar masa. In da Yaya ba ya ciki, wallahi ko yau aka mayar da ni zauren nan da tsintsiyar nan ban tabbata zan ajiye takardar ba. Sai dai Yayana bai ci ba bai sha ba. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, shi ya yi min kayan ɗaki, yanzu kuma zai ɗauki laifina ya sa a bakinsa ya hau jirgi da shi. In na gaya masa gaskiya, da wane ido zai dube ni, shi da ya rasa amininsa aka kuma kira shi na biyun mashayi? Inna ta tsufa, ta ji wannan a ƙarshen rayuwarta? In kuma na gaya wa Yaya shi kaɗai, na san shi, ba zai kwana ba sai ya kai ni Kabo.

Shekaranjiya na ce wa maigidana zan je dubiya, na shiga mota na tafi Kabo don in gani da idona. Ban sha wahalar nema ba. Na tambayi wata mai ƙosai inda ake gyaran keke, ta ce, "Wajen Mai Giya? Ga shi can gindin darbejiya." Ya bar koyarwa tuntuni. Yana zaune a kan benci ya kifa wani tsohon keke, yana juya tayar yana kasa kunne. Ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari. An ce bai yi aure ba sai da ya haura arba'in, don duk gidan da ya nema sai an tono maganar. Ina tsaye daga nesa wata budurwa ta kawo masa abinci, ba za ta wuce shekarun da nake da su ba lokacin da na rubuta masa takarda. Mai ƙosai ta ce 'yar ƙaninsa ce da yake riƙo, ita ma 'yar gidan Mai Giya ake ce mata, kuma bara wasu sun zo neman aurenta, da suka yi bincike suka ji sunan ba su dawo ba. Na tsaya ina jira in ji tausayinsa. Nata na ji. Shi kuwa na dube shi na ce a raina, yanzu ka san yadda suna yake manne wa mutum. Na juya na hau mota ban yi masa magana ba.

Saura kwana tara su Yaya su shiga sansanin alhazai, kuma ya ce ranar Juma'a zai koma Kabo. Anti, masu karatu, in na yi magana na ba wa mutumin nan abin da shi bai taɓa ba ni ba, in na yi shiru Yayana zai rantse a kan laifina. Kafin Juma'ar nan, ni me zan yi?